Sunan Mijina a Dutsen Skelby

Gidan Baƙi na Misis Cammish,
Skelby,
Talata, 12 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga Yaya Pauline,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Kin koma wurin likita ko kina nan kina yi masa taurin kan da kika saba? Ki gaishe min da maigidanki Derek da tantabarunsa. Da kunnenki yana jin waya da tuni na kira ki, amma maganar da ke bakina ba ta ɗaga murya ba ce, gara in rubuta.

Kin san shekara talatin da shida ke nan ina roƙon Roy ya kai ni bakin teku, kullum sai ya ce ruwan famfon Leicester ya ishe shi. To, tun da aka sallamo shi daga asibiti kan ciwon zuciyar nan ya zama wani iri. Ran nan muna karyawa ya ce, "Hazel, haɗa kaya, Skelby za mu." Ni sakarya har da sayen sabuwar hula, na ɗauka tsufa ne ya koya masa soyayya.

Jiya da la'asar muka iso. Da na rubuta sunanmu a littafin baƙi, mai gidan ta leƙa ta ce, "Tasker? Ai da akwai Tasker a garin nan, amma sun ƙare tuntuni." Roy ya ɗauki akwati ya haye sama.

Yau da safe muka fita da ƙafa. Yaya, garin nan ba na masu gwiwa irin taki ba ne, in ba hawa ba sai gangara, lungunan kuma mutum biyu ba sa jerawa. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne mutumin naki bai tambayi kowa hanya ba. Ya bi ta bayan coci, ya ratsa wani matsatsin lungu mai warin igiya da kwalta, sai ga mu a bakin tashar jiragen ruwa. Na ce, "Kai, yaushe ka haddace taswirar garin?" Ya ce hanci ya bi. Ruwa ya janye a lokacin, ƙananan jiragen duk sun kwanta a kan taɓo, masunta na gyaran kejin kama ƙaguwa a bakin gaɓa. Duk wanda muka gifta, in dai mai furfura ne, sai Roy ya ƙara jawo hularsa kan goshi.

Mun tsaya a wata rumfa mun sayi burodi da naman ƙaguwa. Mai rumfar, Dawn, mace ce mai fara'a da baki, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya. Ban kai loma ta biyu ba wani ƙaton tsuntsun teku ya fizge nawa daga hannuna. Ta kwashe da dariya ta ce, "Sannu Mama, kin biya harajin shiga gari. Ga wani, amma ki ci da sauri, 'yan uwansa na kan rufi suna kallon ki." Ta dubi Roy ta ce, "Baba, kai fa? Ko kai ma tsoron su kake ji?" Ya kafa mata ido har na ji kunya, na zungure shi da gwiwar hannu.

Daga nan muka bi doguwar katangar da ta shiga cikin teku, muna wuce wasu bencina da aka rubuta sunayen mamata a jikinsu don tunawa da su, har muka kai ƙarshe wajen hasumiyar fitila. A nan aka kafa wani baƙin dutse don tunawa da mutanen jirgin kamun kifi mai suna Ellen Grace, wanda ya nutse a watan Fabrairu na 1965. Sunaye goma sha ɗaya ne. Na sa tabarau ina karantawa don kawai in huta da tafiya. Yaya, suna na bakwai shi ne Leonard Roy Tasker, ɗan shekara goma sha tara. Sunan da ke kan takardar aurena ke nan, harafi da harafi, kuma ki lissafa shekarun da kanki. A gindin dutsen, daidai layin sunan, an ajiye sabbin furanni a kwalbar zuma.

Na juyo in ce masa ka ga wani mai sunanka, sai na gan shi ya cire hula. Ya ce, "Ni ne, Hazel." Na zauna daɓas a ƙasa da sabon siket ɗina. Mutumin da ya ce min a gidan marayu na Leeds ya girma! Ya roƙe ni in bar shi zuwa gobe, wai numfashinsa ba zai kai ba yau. Yanzu haka yana kwance ya juya wa bango fuska, ni kuma na kasa shan shayin da aka kawo min.

Kada ki gaya wa Derek tukuna, kin san bakinsa.

Ƙanwarki,
Hazel.

Skelby,
Laraba, 13 ga Satumba.

Yaya Pauline,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kin tashi lafiya ke da mutanen gida. Ki nemi kujera kafin ki ci gaba da karatu.

Yau bayan karin kumallo muka koma bakin tashar, muka zauna a wani benci da ke kallon inda manyan jirage ke tsayawa a da, ya kwance min bakin jaka. A garin nan aka haife shi. Kakarsa ce ta raine shi, ta rasu yana ɗan shekara goma sha takwas, ba shi da kowa bayan ita. Ita ta cusa masa camfin masuntan nan: in kana hanyar zuwa jirgi ka ci karo da limamin coci, to ranar ba ta fita ba ce, ka koma gida. Safiyar da jirginsu Ellen Grace zai tashi, ya ɗauko jakarsa, yana shan kwanar lungun nan na bayan coci sai ga limami a kan keke, har da ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya ce jikinsa ya yi sanyi, ya ƙarasa bakin tashar amma ya kasa taka jirgin.

A nan ya haɗu da abokinsa Colin Marfleet, wanda ya girme shi da shekara biyar, mai mata da 'yar jaririya. Jirgin su Colin yana wurin gyara, mako uku yana zaman banza, kuma da safen nan sun yi cacar baki da matarsa Jean har ya buga ƙofa ya fito. Colin ya yi masa dariya ya ce, "Matsoracin banza, limami ne ya zama dodo? Kawo jakar, ni in tafi, kafin in dawo uwargida ta huce." A wancan zamanin haka suke yi, wani ya shiga a madadin wani, shugaban jirgi ya kau da kai, ba a taɓa takardar ofis, domin in masu jirgi suka san ka ƙi fita sai su hana ka aiki wata da watanni. Gari bai gama wayewa ba, ba wanda ya lura sai mutanen cikin jirgin. Shi kuwa Roy ya hau jirgin ƙasa ya tafi Leeds ya ɓuya don kada a gan shi a gari.

Kwana tara bayan haka ya ga sunansa a jarida cikin waɗanda teku ta cinye. Ya ce ya sayi tikiti ya dawo har tashar jirgin ƙasa ta Skelby, ya hango mata sanye da baƙaƙen kaya, ya kasa saukowa. Da wane baki zai gaya wa Jean cewa tsoron limami a kan keke ne ya sa ya tura mijinta? Ya ce a ransa zai rubuto wasiƙa mako mai zuwa. Makon nan shi ne bai zo ba har shekara arba'in da ɗaya. Ya ajiye sunan Leonard, ya koma amsa Roy, ya shiga tuƙin bas, ya aure ni.

Na ce, "To ita Jean ɗin, me aka ce mata ya sami mijinta?" Ya ce bai sani ba, abin da ya zo ya gano ke nan. Kin ji fa, Yaya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ai ya wuce riƙon sirri.

Tun da shi ba shi da ƙarfin halin tambaya, ni na yi. Da rana na sami Misis Cammish a kicin tana fere dankali, na ja ta da hira kamar mai son gulma, ita kuwa dama a cike take. Ta ce, "Colin Marfleet? Wannan ɗan iskan? Ai a makon da aka yi rashin nan ya gudu ya bar mace da goyo. Wasu sun ce wata 'yar rawa ya bi zuwa London. Mutane goma sha ɗaya na kirki sun tafi, shi kuwa shaiɗan ya bar mana shi a duniya." Ta ce sauran matan an yi musu ta'aziyya, an tallafa musu, kowace shekara a coci su ake zaunarwa a sahun gaba. Jean kuwa sai dai ta raɓe a baya, ita ce wadda ta kasa riƙe miji. Wankin benaye ta yi ta yi a otal-otal har bayanta ya lanƙwashe, ba ta sake aure ba, ta rasu shekara tara da suka wuce.

Na tambaye ta 'yar fa. Ta ce, "Ai kin gan ta, Dawn mai rumfar ƙaguwa. Kada ki kuskura ki ambaci ubanta a gabanta, har sunansa ta cire daga nata." Sai na yi ƙarfin hali na tambayi masu ajiye furanni a gindin dutsen. Ta ce, "Dawn ɗin ce. Uwarta ta fara. Ta ce yaron nan Leonard maraya ne, ba shi da mai tuna shi, kuma shi kaɗai ne cikin abokan Colin bai taɓa yi mata rashin kunya ba. Duk Lahadi take kai masa, da za ta mutu ta bar wa 'yarta wasiyya."

Yaya, ban san yadda na hau matakalar nan na koma ɗaki ba. Na gaya masa duka, ban rage ko kalma ɗaya ba, don ban ga dalilin da zan sassauta masa ba. Ya shiga banɗaki ya yi ta amai. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da tawul, rabina na tausayinsa, rabina na son in rufe shi da duka.

Ki yi mana addu'a.

Taki,
Hazel.

Skelby,
Alhamis, 14 ga Satumba.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan saman da ake ta yi a nan bai kai gare ku ba, na san yadda sanyi ke tayar miki da ciwo.

Mutuminki ya tashi yau ya ce mu bi jirgin ƙasa na ƙarfe goma mu koma gida. Wai ya ga abin da ya zo gani, tonon tsohon miki ba ya haifar da alheri, Dawn ta saba da rayuwarta, kuma likita ya hana shi tashin hankali. Na ce, "Likita ya hana ka tashin hankali, ita Jean wa ya hana mata? Ga akwatinka nan, hanya a buɗe take. Ni dai ba inda za ni, in ka tafi da bakina zan gaya mata, kuma kada ka jira ni a Leicester." Tun da muka yi aure ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, ni kaina na tsorata da muryata.

Na ɗauki lema na fita ni kaɗai. Na zaga garin kaf, na hau tudun coci, na gangaro ta kasuwar kifi da aka mayar shagunan tsaraba, na bi bakin yashi har takalmina ya jiƙe. Ina tafe ina tambayar kaina wa na aura. Mutumin da bai taɓa ɗaga min hannu ba, wanda ya yi jinyar Mama wata shida bai yi tsaki ba, shi ne kuma ya bar wata mata ta mutu tana zaton an wulaƙanta ta. Na kasa haɗa mutanen nan biyu a jiki ɗaya. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoro. In ya faɗa, zuciyar nan tasa na iya bugawa a gabanta. In bai faɗa ba, ban san yadda zan ƙara zuba masa shayi in kalli fuskarsa ba.

Sau biyu na wuce rumfar Dawn. A na biyu ta ɗago min hannu ta ce, "Mama, ina Baba? Ko kin jefa shi a ruwa kin huta?" Na yi mata yaƙe na ƙara sauri.

Da na dawo wajen ƙarfe ɗaya na tarar da akwatin a inda yake, shi kuma zaune a bakin gado ya aske gemu ya sa farar riga. Ya ce gobe zai gaya wa Dawn, in ta tashi daga rumfa.

Ƙanwarki,
Hazel.

Skelby,
Asabar, 16 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Pauline,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Derek, ina sanar da ke mun yi abin da ya kawo mu, kuma Roy yana nan da ransa.

Jiya da ƙarfe huɗu muka sami Dawn tana wanke tire. Roy ya cire hula ya ce, "Sunana Leonard Tasker." Ta yi dariya ta ce, "Baba, da sauran rana ka fara sha?" Sai ya ambaci sunan kakarsa, da lambar gidansu Jean, da launin ƙofarsu. Dariyar ta ɗauke. Ya faɗi sauran a tsaye, tun daga limami har jarida, bai tsallake komai ba, wannan kam na shaide shi. Ruwan famfo na ta zuba a kan tiren har ya malalo kan takalmanmu, ni na miƙa hannu na kashe.

Na yi zaton za ta mare shi, har na matsa kusa. Ba ta yi ba. Ta kwance ƙyallen gabanta, ta kulle rumfa, ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Biyo ni." Ta kama hanyar tudun coci da sauri, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Matakala ɗari da wani abu ne, Yaya. Sau uku Roy yana tsayawa ya dafe ƙirji, na ce ya sha maganinsa, ya ture hannuna. Ta kai mu maƙabarta gaban wani ɗan ƙaramin dutse mai ɗauke da sunan uwarta, ta nuna ta ce, "Ga ta nan. Maimaita mata, da ƙarfi, don ta daɗe tana jira."

Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya ce, "Jean, Colin bai gudu ba. Aiki ya tafi. Ya ce kafin ya dawo kin huce." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa. Ni ma na yi, ba don shi ba.

Dawn ta zazzage masa abin da ke cikinta, kuma bai ci rabin abin da ya cancanta ba. Ta ce a makaranta 'yar gudajje ake kiran ta. Ta ce ta rabu da mijinta na fari don kullum gani take shi ma zai tafi, gara ta riga shi. Ta ce, "Shekara tara ina sayen furanni da kuɗin gumina ina kai wa mutumin da ke zaune lafiya yana shan shayi, ubana kuwa ina tofa wa sunansa yawu." Ta ce ranar Litinin za su je wurin hukumar tashar tare, ya faɗa a gaban kowa, a kankare sunansa daga dutsen a sa na Colin. Ya ce to. Ta ce kada ya sa ran yafiya, ba ta da ita a yanzu, ba ta kuma san ko za ta samu ba. Ya ce bai zo nema ba.

Na ɗauka an gama, har na kama hannunsa zan tashe shi. Sai ta zauna a gefen kabarin, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya, ta ce hoton ubanta ɗaya ne tak a gidansu, na ranar aure, kuma ita da hannunta ta jefa shi a murhu tana 'yar shekara goma sha biyar, uwarta na kallo ba ta hana ta ba. Ta ce, "Kai kaɗai ka rage da zan iya tambaya. Yaya kamanninsa suke?"

Yaya, na ga mijina ya rufe ido, ya yi ta ƙoƙari har jijiyar goshinsa ta tashi. Can ya ce, "Ki gafarce ni, fuskar ta ɓace min tuntuni. Kullum ina ganin sa, amma bayansa kawai nake gani, yana hawa jirgin da jakata a kafaɗa."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta matsa ta ba shi wuri a gefenta ta ce, "To, gaya min bayan nasa."

Na bar su a nan na gangaro ni kaɗai. Ba mu san ranar dawowa ba tukuna. Yanzu kina iya gaya wa Derek, kuma don Allah ki sa ya leƙa gidanmu ya kwashe wasiƙun da suka taru a bakin ƙofa.

Ki huta lafiya. Ni ce ƙanwarki mai ƙaunar ki,
Hazel Tasker.